Yadda Ake Zaɓar Linux Ɗaya, a Ɗora Shi, a Zauna a Kansa Har a Iya

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tambaya ɗaya ake ta yi mini a nan Birnin Kebbi: yaya za a yi da tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ya ƙi hawa kanta? Yawancin waɗanda ke hannun ɗalibanmu 'yan gwanjo ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, lafiyarsu ƙalau, tsufa ne kawai laifinsu. Amsata ita ce a ɗora musu Linux, wata babbar manhaja ta kyauta mai yin aikin da Windows ke yi, amma da sharaɗi. Ka zaɓi nau'i ɗaya, ka zauna a kansa aƙalla wata shida. Wanda yau yana Ubuntu, gobe Fedora, jibi Kali, ɗorawa kawai zai iya. Amfani da abin kuwa sai dai ya gani a hannun wasu.

Kayan da za ka tanada

- Kwamfuta mai 64-bit. RAM ɗinta kada ya gaza 2GB, amma 4GB ne inda ake fara jin daɗi. Rumbun ajiya, wato had-dis, 20GB ne mafi ƙaranci. In ka samu 100GB ka huta.
- Filashi mai 8GB wanda babu abin da kake so a cikinsa, don za a goge shi tas.
- Wani filashin ko had-dis na waje, na kwashe takardunka da hotunanka.
- Data kamar 5GB: kusan 3GB na sauke fayil ɗin Linux, sauran na sabuntawar farko. Datar dare ta fi sauƙi.
- Waya da kebul ɗinta, ko da Wi-Fi zai yi gardama.
- Wuta tabbatacciya ta awa biyu, ko batiri mai riƙe caji.

Kada ka raina maganar wutar nan. Batiran 'yan gwanjo da yawa minti ashirin suke yi su mutu, kuma in kwamfuta ta ɗauke ana tsakiyar raba had-dis, kana iya rasa Windows da Linux ɗin gaba ɗaya. In gidanku babu sola, ka je shagon caji ko wurin mai janareto, ka biya ka zauna. Filashi kuma ka saya a wurin wanda ka yarda da shi. Akwai na jabu masu rubutun 32GB alhali cikinsu bai kai haka ba, su ne ke sa aiki ya tsaya a rabi mutum ya yi ta zargin Linux.

Mataki na 1: Yanke shawara

Ga ɗan abin da ya kamata ka sani. Linux a asalinsa zuciyar babbar manhaja ce, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan. Buɗaɗɗiya ce, kowa na da izinin ya duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya raba kyauta. Shi ya sa ƙungiyoyi da kamfanoni suke ɗaukarta su haɗa da wasu manhajoji su fitar da nasu nau'in. Kamar shinkafarmu ta fadamar Argungu ce: wani ya yi tuwo, wani dafa-duka, wata ta yi masa, amma duk daga buhu ɗaya. Debian ya fito a 1993. A kansa aka gina Ubuntu a 2004. A kan Ubuntu kuma aka gina Linux Mint, wanda ya fara fita a 2006.

Ga sabon shiga, Linux Mint nake zaɓa, ba na ma dogon tunani. Fuskarsa ta yi kama da Windows 7: maɓallin jerin manhajoji a ƙasa ta hagu, agogo ta dama. Yana zuwa da LibreOffice da Firefox a ciki. Jerin Mint 22 an gina shi ne a kan Ubuntu 24.04, kuma za a ci gaba da tallafa masa har 2029, ka ga ba ka da dalilin sake ɗorawa nan kusa. Sannan duk maganin matsalar da aka rubuta domin Ubuntu, galibi yana yi wa Mint aiki.

Mint ɗin kansa fuska uku ne. In RAM ɗinka ya kai 4GB zuwa sama, ɗauki Cinnamon. In 2GB ne ko na'urar ta tsufa ƙwarai, ɗauki Xfce, ya fi sauƙin nauyi. MATE yana tsakani. Wanda tasa 32-bit ce, Mint ba zai hau ba. Ya nemi antiX, wanda aka yi musamman domin irin waɗannan tsofaffin.

Sai batun Kali Linux, tunda samarinmu suna sonsa. An yi shi ne domin ƙwararrun masu gwada tsaron na'urori, masu shi ma da kansu ba sa ba sabon shiga shawarar ya mai da shi na aikin yau da kullum. Ɗora Kali ba ya mai da mutum gwanin kutse. Ka bar shi tukuna.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su rabu da Windows ba. In da CorelDRAW kake cin abinci, kana buga katin biki da kalanda, ko kana karatun zanen gini da AutoCAD, waɗannan ba su da na Linux. Haka masu shagon rajista da ke amfani da na'urar ɗaukar zanen yatsa, manhajarta galibi ta Windows ce. Irin waɗannan sai su ajiye biyun a kwamfuta ɗaya, zan yi bayani a gaba.

Mataki na 2: Kwashe kayanka

Kwafe duk abin da ba ka son rasawa zuwa waje: furojet, takardun shaida, hotunan iyali, karatuttukan da ka tara. Ka duba Desktop da Downloads, nan mutane suka fi mantuwa. Ka rubuta kalmomin sirrin da burauzarka ta riƙe maka. Bayan ka kwafe, ka buɗe wasu fayilolin daga cikin filashin ka tabbatar suna buɗuwa. In ba ka da filashi na biyu, tura muhimman takardu zuwa wayarka ko Google Drive.

In kana cikin makon jarrabawa ko kana dab da miƙa furojet, dakata har ka gama.

Mataki na 3: Sauke fayil ɗin ka tantance shi

Shiga linuxmint.com ka sauke fayil mai ƙarewa da .iso na fuskar da ka zaɓa. In netwok na yankewa, yi amfani da hanyar torrent da ke shafin, tana ci gaba daga inda ta tsaya. In wani abokinka yana da fayil ɗin, karɓa a wurinsa ka adana datarka, amma ka tantance.

Tantancewar ba wuya. A shafin akwai wata doguwar lamba da ake kira SHA256. A Windows, buɗe Command Prompt a foldar da fayil ɗin yake, ka rubuta:

`certutil -hashfile sunan-fayil.iso SHA256`

Lambar da ta fito ta zama daidai da ta shafin, harafi da harafi. In ta saɓa, fayil ɗin ya lalace a hanya, sake saukewa.

Mataki na 4: Shirya filashi

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya kwafe fayil ɗin kawai ya zuba a filashi kamar waƙa. Ba zai tashi ba. Sai an rubuta shi da manhaja ta musamman. Mafi sauƙi ita ce balenaEtcher: zaɓi fayil, zaɓi filashi, danna Flash. Rufus ma tana yi, kuma ba ta da nauyin saukewa. Kafin ka danna, cire duk wani filashi ko had-dis na waje da ke jikin kwamfutar, don kada ka goge wanda ka zuba kayanka a ciki.

Wanda ba shi da kwamfuta mai aiki a kusa, zai iya yi da wayar Android: akwai manhajar EtchDroid, sai ɗan mahaɗin OTG da za a sa filashin a jikin waya.

Bayan an gama, Windows na iya cewa filashin yana buƙatar a yi masa format. Kada ka yarda. Bai gane tsarin da ke ciki ba ne kawai.

Mataki na 5: Gwada kafin ka ɗora

Kashe kwamfutar, sa filashin, kunna, ka riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A HP, Esc ne sannan F9. A Dell da yawancin Lenovo, F12. Zaɓi sunan filashinka, sannan Start Linux Mint. In filashin bai bayyana ba, canza ramin USB. In ya ƙi, shiga BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, da F10 a HP ko F2 a Dell, ka kashe Secure Boot ka sake gwadawa.

Abin da zai buɗe cikakken Mint ne, amma daga filashi yake gudana, bai taɓa had-dis ɗinka ba. Nan ne za ka yi bincikenka a natse. Haɗa Wi-Fi. Kunna bidiyo ka ji sauti. Gwada kyamara, da Bluetooth, da maɓallan ƙara haske da rage shi. Sa firintarka ka ga ko zai gan ta. Zai ɗan yi nauyi saboda filashi ba shi da saurin had-dis, wannan ba abin damuwa ba ne. Ka sani kuma duk abin da ka ajiye a wannan zaman gwaji zai ɓace da zarar ka kashe.

In Wi-Fi bai fito ba, kada ka karaya. Sau da yawa katin kamfanin Broadcom ne, yana son direba na daban, wato 'yar manhajar da ke sa katin aiki, kuma akwai maganinsa a mataki na bakwai.

Mataki na 6: Ɗorawa

In za ka bar Windows a gefe, akwai abu biyu da za ka fara yi a cikinsa. Kashe Fast Startup a saitin wuta, domin yana barin had-dis a kulle ko bayan an kashe na'ura. Sannan ka duba ko BitLocker, mai kulle had-dis da lambar sirri, na kunne. In yana kunne ka kashe shi, ko aƙalla ka rubuta lambar buɗe shi a takarda.

Yanzu danna Install Linux Mint da ke kan allo. Zaɓi harshe da kibod. Sa alama a akwatin multimedia codecs, shi ne zai sa bidiyo da sauti iri-iri su riƙa buɗuwa. Daga nan sai shafin da ya fi kowane haɗari, ka karanta shi sau biyu:

- Install Linux Mint alongside Windows zai bar Windows, ya yanka wa Mint nasa wurin. Za ka ja wani layi ka raba. Ba Mint aƙalla 50GB in da hali. Duk sanda ka kunna, za a tambaye ka wanne za ka shiga.
- Erase disk and install Linux Mint zai share komai. Komai fa, har da abin da kake kira Local Disk D, in a had-dis ɗaya suke. Mutane da yawa suna zaton C kaɗai zai taɓa.
- Something else na masu raba had-dis da hannu ne. Ba naka ba ne yanzu.

Ra'ayina, in ba ka cikin masu buƙatar Windows ɗin nan da na ambata, kuma ka kwashe kayanka, share ka ɗora Mint shi kaɗai. Wanda ya bar ƙofar Windows a buɗe, da ya ɗan ji wuya sai ya koma, wata uku bai leƙa Mint ba.

In mai ɗorawar ya ce bai ga had-dis ba, ko ya ambaci Intel RST, sai an canza saitin had-dis zuwa AHCI a BIOS. Wannan canjin yana iya hana Windows tashi, don haka mai son riƙe biyun ya nemi wanda ya saba.

A taswira zaɓi Lagos, shi ne lokacin Najeriya baki ɗaya. Rubuta sunanka da ƙananan haruffa, ka sa kalmar sirrin da ba za ka manta ba, don kullum za a riƙa tambayarka ita. Sauran aikin minti goma sha biyar ne zuwa rabin awa. Ka ɗora kwamfutar a kan tebur ko tire, ba a kan katifa ko darduma ba. A zafin watan Afrilu na garin nan, na'urar da ƙura ta toshe wa fanka tana iya kashe kanta a tsakiyar aiki. In ya gama zai ce ka cire filashi ka danna Enter.

Mataki na 7: Ranar farko

Bi wannan jerin yadda yake.

Fara da intanet. In Wi-Fi ya ƙi, haɗa wayarka da kebul, ka kunna USB tethering a saitin wayar, Mint zai gan ta nan take ba tare da direba ba. Sai ka buɗe Driver Manager, zai nuna direban da ya dace da katin Wi-Fi ko na hoto, ka ɗora ka sake kunnawa.

Na biyu, Timeshift. Wannan yana ɗaukar hoton tsarin na'urarka, ta yadda in ka ɓata wani abu gobe za ka dawo da ita yadda take jiya. Ɗauki hoto ɗaya yanzu. Amma ka lura, tsarin yake adanawa, ba takardunka ba. Su har yanzu sai ka riƙa kwafewa waje. In had-dis ɗinka ƙarami ne, kada ka bar hotunan su wuce biyu ko uku, suna cin wuri.

Na uku, Update Manager, alamar garkuwa da ke kusa da agogo. Sabuntawar farko tana da yawa, ka bari sai dare. Ba kamar yadda ka saba ba, Mint ba ya sabunta kansa a ɓoye ya shanye maka data, sai ka ce ya yi. Amfanin kenan, kuma nauyin kenan: ka riƙa yi ko sau ɗaya a mako. Ka kuma kunna Firewall, danna ɗaya ne.

Masu Windows da Mint tare za su ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya. Dalili shi ne Linux yana ajiye agogon na'ura a kan lokacin duniya na UTC, mu kuma muna gaba da shi da awa ɗaya. Gyaran layi ɗaya ne a taminal, wurin rubuta umarni da za a yi bayaninsa a mataki na tara: `timedatectl set-local-rtc 1`

Mataki na 8: Mai da shi wurin aikinka

Nan ne ainihin koyon yake, kuma ba ya faruwa ta kallon bidiyo. Duk abin da ka saba yi a Windows, ka tilasta wa kanka yin sa a nan.

Rubutu da LibreOffice Writer, lissafi da Calc, gabatarwa da Impress. Ɗaliban kwalejin Waziri Umaru da na jami'ar Aliero su kula da abu biyu. Malamai suna son Times New Roman, shi kuma ba ya zuwa a ciki. Nemi ttf-mscorefonts-installer a Software Manager ka ɗora, za ka same shi har da Arial. Sannan in za ka tura wa malami aiki ya gyara, ajiye shi a .docx; in kuwa shagon bugawa za ka kai, mai da shi PDF, don kada shafuka su zame a kwamfutar mai shago.

Rubutun Hausa ma ya fi sauƙi a nan. A saitin Keyboard za ka iya ƙara tsarin Hausa na Najeriya, ka duba hotonsa ka ga inda haruffa masu lanƙwasa suke. Ko kuma ka danna Ctrl da Shift da U tare, ka rubuta lamba, ka danna Enter: 253 na ɓ, 257 na ɗ, 199 na ƙ. Manyansu kuwa 181 da 18a da 198. Babu sauran uzurin rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa".

Manhajoji daga Software Manager ake ɗauko su, kamar yadda kake yi a Play Store. Fayil ɗin .exe ba ya aiki a nan, kada ka wahalar da kanka. VLC na nan, GIMP na gyaran hoto, Inkscape na zane, Audacity na gyaran murya. WhatsApp da Facebook da shafukan rajistar makaranta duk ta burauza ne. Amma ga tarkon da ke cinye datar mutane: manhaja ɗaya takan zo iri biyu, System Package da Flatpak. Na Flatpak ya fi sabunta, sai dai a karon farko yana iya jawo ɗaruruwan megabait na kayan da yake dogara da su, wani lokaci fiye da 1GB saboda 'yar ƙaramar manhaja. Duba girman da aka rubuta kafin ka danna. Ni System Package nake ɗauka sai in babu.

Mataki na 9: Taminal, kaɗan-kaɗan

Baƙin allon nan da ke tsorata mutane, Ctrl da Alt da T ke buɗe shi. Kana iya shekara a Mint ba ka buƙace shi sosai ba, amma wanda ke son aikin sabar, wato kwamfutocin da ke riƙe shafukan intanet, ko rubuta manhaja, nan ne gonarsa. Umarni biyu a rana sun isa:

- `pwd` ina nake; `ls` me ke nan; `cd Documents` shiga folda; `cd ..` koma baya
- `mkdir` sabuwar folda, `cp` kwafe, `mv` matsar ko canza suna
- `df -h` sauran wuri a had-dis. `free -h` yadda RAM ke ciki
- `sudo apt update` sannan `sudo apt upgrade` sabuntawa. `sudo apt install vlc` ɗora manhaja
- `man ls` bayanin kowane umarni, a fita da q

Buɗe folda ta gwaji ka yi wasanka a ciki. Linux yana bambanta babban harafi da ƙarami, Documents daban documents daban. In ka fara rubuta suna ka danna Tab, zai ƙarasa maka. In ya nemi kalmar sirri kana rubutawa ba ka ga komai ba, ko tauraro, kibod ɗinka bai lalace ba. Rubuta ka danna Enter.

Gargaɗi biyu masu nauyi. Umarnin `rm` ba ya kai fayil kwandon shara, gogewa ce ta har abada. Shi kuma `sudo` yana ba ka ikon taɓa ko'ina a cikin tsarin, har inda zai hana na'urar tashi. Duk umarnin da aka turo maka a guruf, ko ka gani a wani bidiyo, in ba ka san abin da yake yi ba kada ka liƙa shi, musamman in ya haɗa waɗannan biyun.

Mataki na 10: In abu ya lalace

Zai lalace, ko ba jima ko ba daɗe, kuma a nan ne ake gane wanda zai iya. Sabon shiga da ya ga matsala sai ya ce wannan nau'in ba shi da kyau, ya sauke wani, ya tarar da wata matsalar a can. Kai ka tsaya ka gyara. Karanta saƙon kuskuren har ƙarshe, kwafe shi yadda yake ka nema a intanet, ka haɗa da "Linux Mint" da lambar wanda kake kai. Duba shekarar amsar da ka samu, don maganin 2014 yana iya zama cuta yau. Canza abu ɗaya a lokaci guda, ka rubuta abin da ka canza a ɗan littafi.

In za ka tambayi wani, kada ka ce "Wi-Fi ɗina ba ya yi" ka yi shiru. Rubuta `inxi -Fxz` a taminal, zai zayyano duk kayan cikin na'urarka tare da ɓoye bayanan sirri; tura wannan da saƙon kuskuren da abin da ka riga ka gwada.

In ta ƙi tashi gaba ɗaya bayan wata sabuntawa, filashin nan da ka ɗora da shi ne mafitarka, don haka kada ka goge shi ka zuba fina-finai. Tashi daga cikinsa, kwashe takardunka in ba ka yi ba, buɗe Timeshift, zaɓi hoton ranar da komai ke lafiya, ka danna Restore. Haka kuma duk ranar da Update Manager ya sanar da kai sabon Mint ya fito, ɗauki sabon hoton Timeshift tukuna, ka tabbatar da wuta da data, sannan ka hau.